Ginshiƙin da Na Gina wa Baba

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin ashirin da tara ga Sha'aban ɗin da na tara mutane a gidana na Abakpa don su shaida wautata.

Mahaifina ya shekara arba'in yana duban jinjirin wata a ƙauyenmu na ƙasar Katsina. In ya ce ya gani, an gani. Da tsufa ya zo, ƙafa ta ƙi, baya ya ranƙwafa, yanar ido kuma ta fara rufe masa gani, sai na ɗauko shi zuwa Kaduna. Wata rana ya ce min abu ɗaya yake roƙon Allah: ya sake ganin watan azumi da idonsa kafin hasken ya ƙare.

Na sayi madubin hangen nesa na gwanjo. Ƙafafunsa uku rawa suke yi ko tari aka yi kusa da su, don haka na yanke shawarar kafa masa ginshiƙin siminti a bayan gida. Abu mai araha ne: bututun roba mai faɗi, rodi huɗu, siminti, tsakuwa, da faranti na ƙarfe a kai. Ƙafafun kuwa na miƙa wa mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, tun ranar farko, don na gama da su. (A nan ya kamata in faɗa cewa ni safiyo ne a ma'aikatar gwamnati. Awo ne abincina.)

Na auna zurfin rami, na auna inda rana ke faɗuwa, na tsaya na auna daga ƙasa zuwa idona. Malam Sani, birkilan da na kira daga Hayin Banki, ya dubi bututun ya ce, "Yallaɓai, wa zai riƙa leƙawa?" Na ce masa ya kwaɓa siminti kawai, lissafi ba nasa ba ne. Ya kwaɓa. Kwana bakwai ina yi wa ginshiƙin ban ruwa safe da yamma kamar shuka.

Ranar na gayyaci limamin unguwa da abokan aikina biyu. Muna idar da magariba na kafa ido, na lalubo, sai ga shi: siriri kamar yankan farce, dab da tankin ruwan maƙwabci. Na riƙo hannun Baba na kawo shi a hankali.

Sai da ya tsaya a gindin ginshiƙin na ga abin da na yi. Saman hularsa ma bai kai wurin leƙawa ba. Ni dogo ne, na gado kawunnena na wajen uwa, Baba kuwa ko da ƙuruciyarsa kafaɗata ce iyakarsa. Na san haka tun ina sakandare.

Aka kawo kujera, ta yi lilo. Aka kife turmi. Ni da liman muka cicciɓi dattijon da mutane ke durƙusa wa a ƙauye, muka ɗora shi a kan turmin, babbar rigarsa ta harɗe, hularsa ta faɗi. Bai yi ƙorafi ba. Ya kafa ido, ni kuma ina riƙe da shi ina ta cewa ya ɗan matsa dama. Kafin ya daidaita, watan ya shige bayan tanki.

Liman, don ya rufa min asiri, ya ce hala Baba ya ɗan hango. Na so ya ce e, Allah ya sani na so. Amma mutumin da bai taɓa shaidar zur a kan wata ba ba zai fara saboda ni ba.

"Ban gani ba, Malam," ya ce. Sannan ya shafa simintin. "Amma gini ya yi ƙarfi. Allah ya yi maka albarka."

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Na yi masa matakala daga baya, har da abin dafawa. Sai dai kafin watan Shawwal ya tsaya hadari ya rufe yamma, kafin wani azumin kuma idon ya rufe gaba ɗaya.

Ginshiƙin yana nan, ko gezau. Maiɗakina tana shanya kuɓewa a kansa, ta ce tsayinsa ya yi daidai, kaji ba sa kaiwa. Ni kuma yanzu duk aikin da aka kawo min ofis, kafin in zaro tef, tambayar Malam Sani nake fara yi.