Yadda Bushiya Ta Karɓo Sunanta

A wani daji mai yawan ramuka, kowane rami da lambarsa, doguwa kamar wutsiyar guza. Baƙo kan yini yana yawo, don ba mai iya riƙe lambar maƙwabcinsa. Sai majalisar daji ta buɗe ofishin sunaye, ta ɗora Kunkuru a kai. Kowa ya je ya rubuta sunan da yake so, a haɗa shi da lambar raminsa, ya riƙa sabuntawa duk shekara. Mai neman wani sai ya faɗa wa Kurciya sunan, ta duba kundi, ta nuna masa hanya.

Bushiya, wadda ƙosanta ya shahara har bakin rafi, ba ta je da wuri ba, kasko ya riƙe ta. Ranar da ta je, Kunkuru ya buɗe kundi a hankali, ya ce, “Baiwar Allah, an riga ki. Kurege ya rubuta ‘bushiya’, tare da wasu sunaye arba'in.”

Nan ta gane abin da ya sa ciniki ya ja baya. Duk mai neman ta, ramin Kurege ake kai shi, ya sayi ƙosai mai tauri kamar tsakuwa, ya tafi yana zagin Bushiya.

Ta kai ƙara majalisa. Kurege ya miƙe ya ce, “Ranku ya daɗe, ni ban saci komai ba. Wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi. Amma saboda zumunci, in za ta riƙa ba ni rabin kasko kullum, sai in ara mata sunan.”

Giwa, shugabar majalisa, ta gyara murya. “Mun ji, kuma abin ya taɓa mu ƙwarai. Sai dai doka ta ce na wanda ya fara zuwa ne, ba ta ce na mai ƙaya ba.”

Bushiya ta haɗiye fushinta, ta koma bakin kasko tana lissafin watanni. Da shekara ta zagayo, Kurege ya sabunta sunayen mutane kaf, ya manta nasa. Taura biyu ba ta taunuwa, balle arba'in. Kashegari da sassafe Bushiya ta rubuta ‘kurege’, aka haɗa da lambar raminta.

A makon ne matar Kurege ta haihu. Ranar suna, dangi suka taso daga dazuzzuka bakwai da buhunan gyaɗa, Kurciya ta yi ta tura su gidan Bushiya. Ta shimfiɗa musu tabarmi, ta cika su da ƙosai mai zafi. Kurege kuwa yana can raminsa babu baƙo ko ɗaya, har rana ta take. Daga ƙarshe ya biyo ƙamshi, yana haki.

“Yaya Bushiya, ki rufa mini asiri, surukaina na ciki!”

“Wa ke sallama?” in ji ta. “Ai Kurege ni ce. Kai ba Bushiya ba ne?”

Dariya ta ɓarke har surukinsa ya ƙware. A ranar suka je gaban Kunkuru, kowa ya karɓi sunansa, Bushiya ta ɗora masa kwanon ƙosai na barka.

Majalisa ta yaba wa kanta, ta kafa kwamitin da zai hana sake aukuwar haka. Har yau bai zauna ba. An je rubuta masa suna, aka tarar wani ya riga su.