Ranar da na je wa ɗana kamun ƙafa a gaban kwamfuta

Neman aikin yaran yanzu wahala ce, kuma ni uban yaro na fi shan ta. Ba zan taɓa mantawa da ranar intabiyun ɗana Nasiru ba.

Ni direba ne, Gwaram zuwa Birnin Kudu, karatuna bai wuce firamare ba. Nasiru kuwa ya karanci haɗa manhajar kwamfuta, shekara biyu yana zaune ba aiki. Sai wani babban kamfani ya kira shi. Sau uku suna tace mutane yana tsallakewa, wannan ce ta ƙarshe, kuma ta kwamfuta za su gana. Mu a garinmu Maruta sabis ɗin waya sai an hau tudu, don haka na kai shi gidan ƙanwata a Birnin Kudu.

Ya ce, "Baba, awa ɗaya ce. Don Allah kada kowa ya shigo."

Na zauna a bakin ƙofa. Da farko ina jin Turanci, sai kuma shiru. Shirun ya yi tsawo. Na leƙa ta taga, na ga yarona yana gumi yana danne-danne, mutum uku a fuskar kwamfuta sun zuba masa ido, babu mai ko murmushi. A wajenmu, wa ya taɓa neman aiki babu babba a bayansa? Ko ɗan kamasho za a ɗauka a tasha, sai wani ya je ya ce ɗana ne, na tsaya masa. Na ce wannan rainin don sun gan shi shi kaɗai ne.

Na gyara hula, na ɗauko zabi biyu da na taho da su a but ɗin mota (dama na yi shirina, ban dai gaya masa ba), na tuɓe takalmi, na yi sallama, na durƙusa a gaban tebur.

Nasiru ya daskare. "Baba..."

"Yi shiru, manya na magana."

Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar iyali. Na ce yaron nan ba ya shaye-shaye, ba ya ɗauke-ɗauke, barcin safe ne kawai aibinsa. (Har yau ban san abin da ya kai ni faɗin wannan ba.) Na ɗaga zabin sama don su gani da kyau, na ce ta wace tasha zan aiko?

Sai matar da ke tsakiya, mai gilashi, ta buɗe baki da Hausa tas: "Baba, mun gode ƙwarai. Amma jarrabawa yake yi, agogo na tafiya. Minti goma ya rage masa da kuka shigo, yanzu saura biyu."

Innalillahi! Ashe shirun nan aiki yake yi. Na fita da baya, ƙafa ba takalmi.

A hanyar gida ya kifa kai a gwiwa. Da zagina ya yi, da ya fi min sauƙi. Bayan la'asar saƙo ya shigo: sun ce katsewar ba laifinsa ba ce, ya sake zama gobe, kuma daga ita babu wata.

Ranar na gane akwai ɗakin da girman uba ba ya aiki a cikinsa. Washegari da safe na sauke shi a ƙofar gidan ƙanwata, na ce Allah ya ba da sa'a, ko injin ban kashe ba. Na juya na yi ta tafiya har Gwaram, na ba shugaban tasha makullin motata, na ce ko kuka nake kada ya ba ni sai azahar.