Rasuwar Babban Kwano, Dish ɗin Gidan Hayarmu na Sharada

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yau ba ta gama yarda ba, ni Malam Sagir, ma'aikacin masaƙa kuma mai riƙon rimot na Gidan Dogon Zaure da ke Sharada, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da tsofaffin 'yan haya rasuwar dish ɗinmu, wanda duk layin nan ya sani da Babban Kwano. Ya rasu a kan rufin banɗaki, inda ya yi rayuwarsa gaba ɗaya, bayan doguwar jinya da ba ta samu mai jinya ba.

Marigayin ya iso gidan nan shekara goma sha wani abu da suka wuce, ɗaure a saman keke napep. Karo-karo muka yi muka saye shi, mu ma'aikatan kamfanonin Sharada da Challawa da Bompai da ke haya a gidan. Dikodarsa ɗaya ce, kuma a ɗakina aka ajiye ta, domin rufina ne kaɗai ba ya yoyo. Daga nan aka ja waya zuwa kowane ɗaki, aka kai ɗaya ga tsohuwar talabijin da ke zaure. Saboda haka tashar da na danna, ita gidan duka zai kalla. In na fita aiki na manta shi a tashar labaran Larabci, haka matan gida za su wuni da labaran Larabci suna yi mini addu'o'in da ba zan maimaita a nan ba.

Duk wanda ya zauna da marigayin zai shaide shi da rashin nuna bambanci. Safiyar Lahadi ta Istifanus ce, direban babbar mota a Dakata, da matarsa Maryamu, waƙoƙin coci suna fitowa ta kowace taga. Da azumi kuwa tafsiri ne tun bayan azahar, har Maryamu ta san wane malami ne mai ba da dariya, wane ne mai faɗa. Atika, wadda ke sayar da abinci a ƙofar kamfanin robobi, ita ce uwar finafinan Indiya. Ina so a sani cewa ban taɓa roƙon kowa komai ba a tsawon riƙona. Amma in kwanon shinkafa da wake ya taso da ƙafarsa ya zo ƙofata ranar da za a ƙare fim, ba ni da hurumin wulaƙanta shi.

Ranar ƙwallo zaure ba ya ɗaukar mutane. Takalma har bakin kwata. In aka ci, gidan duka ke ɗaukar ihu lokaci guda, har da waɗanda ba su san wa ke bugawa ba. Marigayin yana da rauninsa, ba ma ɓoyewa. Hadari na haɗowa sai hoto ya daskare, ya fara kar-kar-kar kamar mai shaƙuwa. Sai Istifanus ya hau rufi da sifana, mu kuma mu jeru daga ƙofar ɗakina zuwa gindin tsani, ana miƙa masa labari baki da baki, ya kawo, ya ɗauke, ya kawo. Kafin saƙon ya isa sama ya riga ya sake ɗaukewa. An zagi marigayin a irin waɗannan ranaku, bai taɓa ramawa ba.

Ciwon ajalinsa ya fara ne lokacin da mai gida ya tsufa ya damƙa kula da gidan ga ɗansa Muhyiddeen. Shi ne ya zo da wani ɗan farin akwati mai ƙaho biyu ya kafe a bangon zaure, ya ce sunansa waifai, kuma yanzu haka ake yi a gidajen haya na zamani. Kowa ya miƙa wayarsa aka sa masa lambar sirri. Atika ce ta fara zare wayar dish daga talabijin ɗinta, ta ce yanzu tana kallon fim lokacin da ta ga dama, in jarumin ya mutu ma tana iya mayar da shi baya. Istifanus ya samo cocin garinsu a waya. Samari suka koma kallon ƙwallo kowa a katifarsa, sai ka ji wani ya yi ihun an ci, na ɗakin kusa da shi kuwa ba a ma buga ba tukuna, ya fito yana masifa an ɓata masa wasa. Karo-karon kuɗin tashoshi na wata-wata ya tsaya, marigayin ya koma kan tashoshin kyauta. Shinkafa ta daina sanin hanyar ƙofata. Mutanen da a da sai sun tsaya sun tambayi lafiyar iyalina a ƙauye, yanzu ɗaga mini hannu suke yi, kunne a toshe.

Mutum ɗaya ne bai juya masa baya ba, wato Baba Uba, mutumin Damagaram, wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a majemar Challawa. Sinadarin jima ya cinye masa tafin hannu, ya rage masa gani. Kullum bayan la'asar zai shimfiɗa buhu a zaure, in sa masa tashar Nijar ya kalli kokawa da labaran gida, yana juyawa gefe yana sharhi ga mutanen da ba sa nan.

Shi kaɗai ne a wurin ranar da abin ya faru. Ina wurin aiki, iskar farkon damina ta taso da yamma. Baba Uba ya ce ya ji wata doguwar ƙara daga rufi, ƙiiiii, sannan kwaram, sai talabijin ta koma shuɗi. Ya bi ɗakuna yana sallama, yana neman wanda zai hau ya duba. Kowa ya ce masa yana zuwa. Da labari ya kai ga Muhyiddeen ya zo ya ɗaga kai ya ce gyaran ba shi da amfani. Don a yi masa adalci, ya kawo wa Baba tsohuwar wayarsa ta shafa kyauta. Baba ya shafa, ya sake shafawa, gilashin bai san yatsansa ba, fatar ta yi kauri da yawa. Ya mayar masa da ita da hannu biyu, ya yi godiya.

Da na samu hutu na hau da kaina. Na tarar tsatsa ta cinye wuyan marigayin, ya kifa fuska a kan kwanon rufi, tattabaru har sun fara tara ciyawa a ƙarƙashinsa.

Baba Uba ya ci gaba da fitowa zaure na ɗan lokaci, yana zama gaban shuɗin gilashi. Daga baya ya ɗaure kayansa ya ce zai koma gida. Ni na raka shi tasha, ina ta lallashinsa cewa zan nemo sabon dish ko da ni kaɗai ne. Ya girgiza kai.

"Malam Sagir, ba hoton ba ne. Idona ai ya daɗe da daina ganinsa sosai. A da in na yi tari a zauren nan, ban san bakin wa zan fara amsa wa sannu ba."

An sa labarin tafiyarsa a guruf ɗin gida na waya. Jama'a sun nuna alhini matuƙa. An turo hotunan fuska mai hawaye masu yawa, galibinsu daga ɗakunan da ke kallon ƙofarsa.

Marigayin ya rasu ya bar dikoda ɗaya, da rimot da aka ɗaure bayansa da kyauro, da tarin wayoyi da yanzu ake shanya a kansu, da talabijin ta zaure wadda ba ta ƙara magana ba, da ni.

Za a sauko da shi ranar Asabar bayan la'asar, in Allah ya kai mu. Istifanus zai kawo tsani. Wani mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya zo neman gawar, an sallame shi, domin Maryamu ta riga ta nema don shanya tattasai, Atika kuma tana so ta kife kajinta da shi, kuma sun amince su riƙa karɓa-karɓa. Za a yi zaman makoki a zaure, an tanadi tabarmi da shayi. Ba a karɓar ta'aziyya ta waya. Muhyiddeen ya yi alkawarin kashe waifai daga la'asar zuwa magariba, saboda haka duk wanda ya fito tambayar me ya samu sabis, ya cire takalmi ya nemi wuri ya zauna, za a lissafa shi cikin masu makoki.