Duwatsun da na ba shekara dubu

Wallahi ba zan taɓa mantawa da dirowar da na yi daga kan keke ba sanda na hango su! Tulin duwatsu jere reras, ɗaya bayan ɗaya, cikin daji gaba da Kwargaba. Na ce shi ke nan, na gano kaburburan mutanen farko.

Ku gane, lokacin hutu ne, kuma wata uku ina kallon bidiyon masu tonon tarihi a waya. Na san gatarin aradu, na san kufai in na gan shi. (Haka nake zato dai.) Sai na ɗaura gorar ruwa a keken yayana, na bar Wurno da niyyar zaga tsoffin wurare har Goronyo.

Na ɗauki bidiyon jerin tun daga farko har ƙarshe, ina ta zuba bayani. Sannan na shiga rushe tulin don in ga abin da ke ƙasa. Na farko ba komi. Na biyu ba komi. Ina kan na huɗu na ji babur ya tsaya bayana. Wani dattijo ne da koɗaɗɗen kaki, malamin daji na yankin.

"Kai yaro, mi kaka yi nan?"

Ni kuwa har da hura hanci. Na ce, "Baba, ku ne ma'aikata, amma kun bar kayan tarihi a wulaƙance! Ko allo babu! Kun ma san shekarun wanga wuri?"

Ya dube ni, ya dubi ɓarnar. "Na sani mana. Kwana tara. Ni na jera su, da jakin Ardo munka kwaso."

Ashe alamar burtali ce, iyakar hanyar shanu da gonaki. Manoma da makiyaya sun daɗe suna rigima kan wurin, sai da malamin dajin, bawan Allah, ya sha zama da su kafin sunka yarda da inda kowane tuli zai zauna. Ni kuma na watsar da huɗu kafin azahar.

Ban gama rufe baki ba sai ga Ardo, shugaban makiyayan, da sandarshi, ga mai gonar gefe da fartanya. Ardo ya ce manomi ne ya turo ni in cinye masu hanya. Manomi ya rantse bai taɓa ganina ba, ya ce aikin makiyaya ne. Murya ta fara tashi, sanda ta bar kafaɗa. 

Abin da ya cece ni shi ne ya fi ci mani rai. Malamin daji ya karɓi wayata ya kunna masu bidiyon. Sau biyu! Ga muryata tana tashi: "Jama'a, ga kaburburan mutanen farko!" Ardo ya yi dariya har ya zauna ƙasa. Ya ce wa manomin, "Yi haƙuri, ba kai ba ne. Wa za shi turo wanga?"

Da bidiyon anka duba inda kowane tuli yake. Ni kaɗai na mayar da su cikin tsakar rana, su uku suna inuwa suna shan fura suna gyara mani: "Matsa hagu, mai tarihi!"

Har yau ina jin haushi. Mi zai hana a shafa masu ko ɗan fenti? Na tambayi Baba, ya ce ko shanun yankin sun san mi ake nufi da duwatsun, ni ne na farko da ya buƙaci fenti.

Yanzu dai in na ga tsohon abu, kafin in tambayi waya nakan nemi tsohon mutum. Ku fa, kun taɓa yi ma wani bayanin abin da ya yi da hannunshi? Ku faɗa, don Allah kada ku bar ni ni kaɗai.