Ni da Tulun Gindin Tsamiya

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da zan shekara ɗari, da ranar da na tsaya gaban mutanen gari guda riƙe da wuyan tulu, gindinsa kuwa yana can cikin ƙasa. Bari dai in faro muku daga tushe.

Ni ɗan Filinge ne. Karatuna ya tsaya a koleji, jarrabawar brebe ta kayar da ni sau biyu, sai kawuna ya sa ni tsaron shagonsa na magani. To, nan ciwon son sani ya kama ni. Duk takardar da ke cikin kwalin magani sai na karance ta tas, har ƙananan rubutun nan da ba mai dubawa. In akwai rezo na intanet, waya tana hannuna ina kallon darasin ƙwayoyin cuta. Mutum ya zo sayen maganin ciwon kai, sai ya tafi da laccar sauro kyauta. Abokaina na fada, wato majalisar hirarmu, sunka sa mini suna Farfesa (ba don girmamawa ba ne, sai daga baya na gane).

Bayan da sojoji sunka karɓi mulki, ayyukan lafiyar da baƙi ke tallafawa sunka riƙa naɗe tabarma ɗaya bayan ɗaya. Guda ya rage a wajenmu, na wasu masu bincike ƴan ƙasarmu daga Yamai, formasiyon ce, wato horo, ta koya wa matasa binciken lafiyar jama'a. Wallahi tsarinta ya yi mini, har gobe yana yi mini. Ba likitoci zalla ake tarawa ba. A ɗauko matashin likita, a haɗa shi da na dabbobi, da mai lissafi, da mai nazarin zaman mutane da al'adunsu, a ba su tambaya guda su bi ta tare. Kowa kuma a ba shi babban da zai riƙe hannunsa, daga fannin da ba nasa ba. Ku ji daɗin abu! Likita yana zaune yana koyon yadda ake gaida tsohuwa, mai lissafi yana leƙa bakin akuya.

Wadda ta riƙe nawa hannun ita ce Madam Zalika, mai nazarin al'adu, dattijuwa marar yawan magana. Shagonmu ta shigo sayen maganin tari, na tsare ta da bayanin huhu, ta bari na gama sannan ta ce, “Kai ɗan nan ne?” Na ce haihuwa da girma. Ashe suna neman ɗan Kurfey, wato yankinmu na Filinge, da zai shiga ƙauyuka da su. Sauran manyan sun ce ba a ɗaukar marar takarda, ita ta tsaya mini. Ta ce in aikin damina ya tafi daidai, za ta tafi da ni Yamai zagaye na biyu, in zama ɗalibi sosai. Ni, Yamai, labo ɗakin gwaje-gwaje, farar riga! Kwana uku ina tafiya ba na jin ƙasa.

Tambayar rukuninmu ita ce: me ya sa zawo ke kwantar da yara da damina a wani ƙauye na Kurfey, kuma me ya sa uwaye ba su kai su likita sai abin ya yi nisa? Ƙauyen na masu riƙe da addinin kakanni ne, masu bori. Yaro ya kwanta, wurin wata tsohuwa Inna Gambi ake fara kai shi, ita ce jagorar masu borin garin. In ta ce a wuce likita, a wuce. In ba ta ce ba, ba mai motsi. Wata huɗu Madam ta yi tana zuwa tana zama kan tabarmar tsohuwar nan, tana taya ta ɓarar gujiya, ba ta roƙe ta komi ba. Sai yanzu za a roƙa: a bar mu mu ɗebi ruwan rijiyoyi, mu shiga gidaje har ƙarshen damina.

A mota Sumana, matashin likitan rukuninmu, Bazabarme mai tsokana, ya ce mini, “Farfesa, kai da ke cikin gari, ka ko san al'adar mutanen nan?”

Na ce, “Ni da anka haifa nan? Kai dai ji da zarmancinka.”

Gaskiyar magana, ban taɓa kwana a ƙauye irin wannan ba. Abin da na sani game da masu bori bai wuce kiɗan gogen da nake jiyowa daga nesa ba, in yi a'uzu in wuce.

Madam ta ba ni kaye, wato littafin rubutu, da biro, ta ce, “Satin nan aikinka gaisuwa da saurare. Abin da ka gani ka rubuta. Abin da ba ka gane ba ka tambaya. Kada ka taɓa komi.”

Na ce to, amma raina ya ɓaci. Ni da na san sunan ƙwayar zawo da Faransanci, a ce in zauna ina “ina gajiya, ina gida”? Ga shi an koya mana wata ƴar kwalba mai ban mamaki: ka zuba ruwa, ka rufe, ka ajiye kwana biyu, in akwai ƙazanta sai ya koma baƙi ƙirin. An hana amfani da ita sai gari ya yarda. Ni kuwa guda biyu suna aljihuna (kada ku tambaye ni yadda sunka shiga).

Rana ta uku ina zagayawa bayan gidan Inna Gambi, sai ga wata tsamiya babba, a gindinta tulu, rabinsa binne cikin ƙasa. Na leƙa. Ruwa ne fari-fari kamar an dama gero, ƙudaje na bi, ga ƴar ludayi a gefe, ga gashin kaza warwatse. Na ce shi ke nan, na gano! Nan ne uwaye ke kawo yara, nan ake ba su ruwa, nan cutar take. Masu digiri suna can suna gaisuwa, ni na gama binciken cikin kwana uku. Na waiga ba kowa, na cika kwalbata. Bayan kwana biyu ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Ban gaya wa Madam ba. So nake ta ji a gaban jama'a, ta san ba ta yi zaɓen banza ba.

Ranar taron neman yardar gari da hantsi, gari ya hallara a filin da ke kusa da tsamiyar. Maigari a kan kujera, Inna Gambi a tabarma, mata a baya da goyo. Madam ta yi bayani a hankali, ta ce mu baƙi ne, ba mu zo gyara kowa ba, koyo munka zo. Maigari yana gyaɗa kai. Inna ma na ga ta yi ɗan murmushi. Saura kaɗan a ce an yarda.

Sai na miƙe.

Sumana ya jawo mini riga, na fizge. Na yi sallama da ƙarfi, na ɗaga baƙar kwalbar sama, na ce jama'a ku dubi abin da ke kashe ɗiyanku. Na yi bayanin ƙwayoyin cuta, na faɗi sunansu da Faransanci har sau biyu. Na sa safar hannu a gabansu (ita ma a aljihuna take), na taka zuwa gindin tsamiya. Na ji wata mata ta ce “Wayyo!” amma na ɗauka mamakin ilimina ne. Na kama wuyan tulun da hannu biyu, na ja da niyyar in tuttular da ruwan in wanke shi da jabel, maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Tulun ya girmi kakana. Ya ce ƙwas. Wuyan ya biyo ni, gindin ya tsaya, ruwan ya malale kan takalmina.

Wani tsoho ya dafe kai da hannu biyu, mata sunka ja da baya suna rufe fuskar yaransu. Ni kuwa ina tsaye da wuyan tulu, ban san inda zan ajiye shi ba.

Inna Gambi ba ta tashi ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Yaro, wa kag gani shina shan ruwan ga?”

Na ce, “Inna, ai ga ludayi.”

“Ludayin zubawa na, ba na ɗiba ba. Tun kakar kakata babu ɗan Adam da yas sha nan. Ko akuyar garin ga ta san ba nata na ba.”

Da na yi shiru nan, da da sauƙi. Amma bakina ya riga hankalina. Na ce, “To in ba a sha, don mi ake zubawa?”

Sumana ya ce a hankali, “Farfesa, don Allah, don Annabi, zauna.”

Tulun na masu garin ne, waɗanda ba a gani. Farau-farau, ruwan gero, ake zuba musu in damina ta kama, a roƙi lafiyar yara da albarkar hatsi. Kowa a Kurfey ya san haka, har Sumana Bazabarme ya sani, don shi ya tambaya tun rana ta farko. Ɗan ƙasa kaɗai ne bai sani ba.

Inna ta juya wurin Madam ta ce, “Zalika, wanga na kika ce muna namu na?” Madam ta sunkuyar da kai. Wannan sunkuyon ya fi mini mari goma zafi. Maigari ya dubi sama, ya ce hadari na haɗuwa, hanya kuma ba kyau, gara baƙi su kama hanya tun da wuri. Babu ko ɗigon girgije a sama.

Munka shiga mota munka kama hanyar Filinge. Ni sai a lokacin na lura safar tana hannuna. Can Madam ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Kwalbarka ba ta yi ƙarya ba, ruwan yana da ƙazanta. Amma kwalba ba ta san wa ke sha ba. Wannan kai anka ɗauka ka gano mana.” Na so ta zage ni, ba ta yi ba.

Sau uku tana komawa ƙauyen ita kaɗai. Inna tana amsa gaisuwarta, tana ba ta tabarma, amma maganar aiki ta mutu. Damina ta wuce ba mu ɗebi ko cokalin ruwan rijiya ba. Sumana da sauran sun rasa aikin shekararsu, sai wani ɗan guntun bincike anka haɗa musu a wani wuri. Abin da ya fi ci mini rai, har yau ba wanda ya san abin da ke kwantar da yaran garin nan, kuma suna nan suna kwanciya. Yamai kuwa, da sunayen masu zuwa zagaye na biyu sunka fito, ban ma je dubawa ba. Madam ta kira ni da kanta ta ce ta so, amma ba ta da bakin da za ta sake tsaya mini. Na ce ko baɗi? Ta ce babu baɗi, daga wannan zagayen formasiyon ta ƙare, ba mai tallafa mata kuma.

Kuna tsammani na daddara? Ranar kasuwa na zaɓi tulu mafi kyau, ja mai zane, na ɗaura a bayan babur na tafi ba Inna haƙuri. Na durƙusa, na ajiye shi gabanta. Ta ƙwanƙwasa shi da yatsa ta ce, “Tulu mai kyau. Na shan ruwa.” Ta sa anka kai shi ɗaki. Wancan ba a kasuwa ake samo shi ba, kuma ba ni ke da ikon mayar da shi ba. Sannan ta tambaye ni ɗan gidan wa ne. Na faɗi sunan babana da na kakata.

“Kakarka ta san gindin tsamiyar ga,” ta ce. “Damina ukku tana zuwa da hwarau-hwarau nata, kahin a samu ubanka. Tahi, na yahe maka nawa. Na masu tulu kuwa, ba ni ka yahewa ba.”

Na hau babur, na yi nisa kafin in tuna ban ko yi mata sai an jima ba.

Darasin da na koya? Yanzu ko ƙwarya na gani an kife a gidan mutane, sai na tambayi ta wa ce da abin da ake yi da ita, kafin in matsa kusa. Ranar da na gaya wa Sumana haka a waya, ya yi dariya har da tari, ya ce, “Madalla, Farfesa. Wannan ai shi ne darasin sati na farko.” Haka ne. Su sun koye shi cikin sati guda sun wuce gaba. Ni sai da na ba da formasiyon ɗin gaba ɗaya, na haɗa da ta mutane, kafin ya shiga kaina.