Ranar da Na Yanka Motata a Dapaong

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da dama, har sunayen wasu jikokina sai na yi lalube, amma ba zan taɓa mantawa ba da ranar ɗaurin auren ɗana Isufu a Dapaong. Na so in manta. Na yi ƙoƙari. Mutanen garin ne ba su yarda ba.

Ni mahauci ne, ɗan mahauci, a Didaouré cikin Sokodé aka haife ni, kuma aji biyu na yi a lekol, wato makarantar boko, kafin malamin ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi. Duk rayuwata abu ɗaya na taɓa so wanda ba shi da ƙafa huɗu: wata 'yar ƙaramar motar Faransa ta tun zamanin Turawa, mai idanu kamar na kwaɗo. A ƙarƙashin wani mangwaro na same ta, bayan gidan wani tsohon malamin asibiti. Kaji sun mayar da kujerar baya wurin ƙwai. Mai ita ya ce in ɗauke ta in raba shi da ita, ni kuma na aika masa da cinyar saniya don kada a ce na karɓi abu hannu banza.

Shekara biyu ina fama da ita. Ƙasanta ya ruɓe, maƙeri ya yanka mini duro ya lika. Kujerun baduku ya ɗinke su da fatar shanun da ni na feɗe da hannuna. Inji kuwa wani makanike ya tashe shi bayan ya zage ni ya zagi motar. Na shafa mata koren fenti. Matata Hajara, duk lokacin da ta wuce da tulu sai ta ce, "Baban Isufu, yaya jikin mai jinya?" (Har yau ba ta taɓa kiran motar da wani suna ba.)

Saura wayoyin wuta. Ɓeraye sun yi biki a kansu, waɗanda suka rage kuma duk sun zama baƙi ɗaya saboda tsufa da maiƙo. Na kira Kwami mai wutar mota, ya leƙa ya daɗe yana girgiza kai.

"Baba, wannan mota waya nasa duka ya mutu. Ka bar mini shi sati ɗaya, in cire duka in sa sabo."

Na tsaya ina kallon yadda yake bin waya da yatsa daga nan zuwa can, sai Shaiɗan ya raɗa mini magana. Na ce a raina, ashe jijiya ce kawai. Ni da na san kowace jijiya a jikin saniya, daga wuya har kofato, idona a rufe? Na ce wa Kwami ya je, zan neme shi. Ya ce, "Baba, waya ba nama ba ne." Na ce masa ya gai da gida.

Mu mahauta muna da yadda muke yi. Ranar kasuwa idan nama ya yi yawa, masu shi ma sun yi yawa, ba ma rubuta suna. Kaba muke ɗaurawa: ƙulli ɗaya na wane, ƙulli biyu na wance, uku na gidan liman. Ban taɓa ba wani naman wani ba. To haka na yi wa motar. Kafin in cire kowace tsohuwar waya sai in ɗaura kaba a inda ta fito: ƙulli ɗaya na kilakson (abin da wasu ke ce wa hon), biyu na jar fitilar baya da ke kamawa in an taka birki, uku na fitilun gaba, haka har bakwai. Na bar bonet a buɗe na tafi sallar la'asar ina jin kaina kamar injiniya.

Ina dawowa na tarar da akuyar Hajara tsaye a kan taya, kanta cikin inji, tana tauna ƙulli na ƙarshe.

Ban gaya wa kowa ba. Na zauna na tuno, na haɗa wayoyin da ka, inda na manta kuma na ce Allah ya san niyyata. Ban iya gwadawa ba, don ba ni da batir.

Lokacin nan ƙasar ta rikice. Shekarun da aka fara rigimar demokaraɗiyya ne, yau yajin aiki, gobe samari sun tare hanya da tayoyi, jibi soja sun tare ta da buhunan yashi. Rediyo na faɗin abu, maƙwabci na faɗin wani, kowa ya gaji. A cikin wannan hali ne Isufu, wanda yake sayar da nama a Dapaong, ya samu yarinya, Zainabu, 'yar Malam Buraima, akawu a wani ofishin gwamnati. Malam Buraima tun farko ba ya murna da surukai mahauta. Da ƙyar ya yarda, ya sa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya kuma aiko da saƙo a fili: in waliyyin ango bai zo da goro a ranar ba, an ɗaga aure sai ƙasa ta lafa. Ƙasa kuwa ba wanda ya san ranar lafawarta. Isufu ya aiko mini da takarda, wanda ya karanta mini ita ya ce har tabon hawaye akwai (ina zargin man nama ne, amma na ji tausayi).

Waliyyin shi ne yayana Mumuni, mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa ba sai in yana asuwaki. Sai ga shi makon ya faɗa cikin yajin aiki, tasha ba mota ko ɗaya. Yaya ya zo gidana ya tsaya a kan motar ya daɗe.

"Wannan abar tana tafiya?"

"Yaya, har Makka."

"Dapaong kawai na tambaye ka."

Na ari batir wurin wani direban babbar mota da yajin ya zaunar da shi, na sayi man kwalba na cika jarkoki. Bayan sallar asuba muka ɗora kwandon goro a baya, na murza makulli, ta tashi. Wallahi ta tashi! Hajara ma sai da ta saki baki.

A bakin lungunmu na taka birki don wata mai koko ta wuce. Sai motar ta ce paaa! Na ɗauka gwiwar hannuna ce ta taɓa wani abu. A mararraba na sake takawa. Paaa! Na danna wurin kilakson da gangan, shiru. Nan gumi ya karyo mini, don na gane abin da akuya ta yi mini: ƙulli ɗaya ya tafi gidan ƙulli biyu.

"Wa kake wa wannan ihun?" in ji Yaya.

"Haka Turawa suka yi ta, Yaya. Tana gargaɗi ne kafin ta tsaya."

Ya dube ni, ya ciro carbinsa.

Me ya hana ni tsayawa in gyara? Tsoro. Wayoyin nan da addu'a suke riƙe da juna, na san in na taɓa ɗaya, sauran za su yi fushi, motar ta mutu a hanya, auren Isufu ya mutu tare da ita. Shagon Kwami kuwa a rufe, ko da a buɗe yake ma da wace fuska zan je?

A fitar gari samari sun tare hanya. Na taka birki a hankali, sau uku, motar ta yi ihu sau uku. Sai suka ɗauka goyon baya nake ba su, suka hau tsalle suna buga bonet, "Baba namu ne! A buɗe wa Baba!" Na ɗaga musu hannu kamar ɗan takara. Na fara tunanin ko akuyar nan alheri ta yi mini.

Kusa da Kara muka iske shingen soja. Nan ba a yi tsalle ba. Na yi ƙoƙarin tsayawa da giya da birkin hannu, motar ta ƙi, dole na taka, ta zabga wa wani dogon soja ihu a tsakiyar cikinsa. Ya sauke mu. Ya ce wa nake kora daga hanya, shi? Na rantse, na yi bayani, har akuyar na ambata. Bai yarda ba sai da ya shiga da kansa ya taka. Paaa! Ya sake takawa. Sai ya fashe da dariya ya kira 'yan'uwansa, "Ku zo ku gani, mota yana kuka in an taka shi!" Ɗaya bayan ɗaya suka shiga suna takawa, mu muna tsaye a rana, ni da Yaya da rawaninsa. Fiye da awa guda. Da za mu tafi suka ɗebi goro, suka ce a gai da amarya.

Gangaren duwatsun Défalé ba a sauka shi ba birki, saboda haka muka sauko da ihu ɗaya dogo tun daga sama har ƙasa, mata masu itace suna watsewa cikin daji. Muryar kilakson ɗin ta fara dishewa, wani wari kamar na ƙonannen gashi yana tasowa daga ƙarƙashin ƙafata. Muka wuce Mango rana ta take. Sallar Juma'a ta wuce mu a hanya. Kaina na sarawa, bayana ya ƙage, ba abin da nake so a duniya kamar shiru.

Abin da ban sani ba shi ne, a makon nan mutanen Dapaong sun yi shawara a tsakaninsu: in tashin hankali ya shigo gari, duk direban da ya fara gani ya danne kilakson kada ya saki, kowa ya nemi mafaka.

Muka shiga unguwar Malam Buraima. Layin gangare ne, a ƙarshensa kuma ga jama'a cike a kan tabarmi, manyan riguna, liman a tsakiya, Isufu a gefe yana ta leƙen hanya. Mun iso! Daɗi ya sa na manta ƙafata na kan mai, sai da na ga tabarmar farko ta taso mini, na tattara ƙarfina duka na danna birki.

Motar ta tsaya. Ihun bai tsaya ba.

Na ɗaga ƙafa, yana nan. Na kashe inji, na zare makulli, yana nan. Abin da ya yi zafi tun Défalé ya narke ya manne.

Jama'a, ban taɓa ganin dattawa sun yi gudu irin na ranar ba. Wani ya ce "Sun shigo!", shi ke nan. Manyan riguna suka cika iska. Takalma suka rage a jere ba masu su. Daga cikin gida na ji tukwane na faɗuwa, mata na kiran 'ya'yansu. Wani mai ƙiba ya haura katangar da na tabbata bai san zai iya ba. Ladan daga baya a bayan duron ruwa aka same shi. Kafin in buɗe ƙofa, filin ya zama ba kowa sai Isufu da ya dafe kai da hannu biyu, da wani siririn mutum mai tabarau wanda ko motsi bai yi ba daga kan kujerarsa.

Ya taso a hankali ya zo har kunnena, don sai da ihu ake jin magana.

"Kai ne Baban Isufu?"

"Ni ne, ranka ya daɗe!"

"An ce mini kai mahauci ne!"

"Haka ne!"

"Kana da wuƙa?"

Tana ɗamarata. Tun Sokodé tana ɗamarata, shekara talatin ba ta taɓa barin wurin ba.

"To yanka ta mana!"

Na buɗe bonet. Ga kilakson ɗin nan yana rawa, ga 'yar waya guda ɗaya a maƙogwaronsa, abin da yaron goye ma zai gani. Na zaro wuƙa, na danne shi da hannun hagu yadda na saba, na ɗora kaifin. Kuma saboda hannu da baki sun saba tafiya tare, daidai lokacin da wayar ta tsinke, duniya ta yi tsit, sai muryata kaɗai aka ji ta cika layin:

"Bismillahi, Allahu akbar!"

Waɗanda suka fara leƙowa daga lunguna duk sun ji. Liman, da ke dawowa da takalmi ɗaya, ya tsaya ya ce, "To, ta halatta." Sai na ji wani sauti a bayana wanda ban taɓa ji ba tun da aka haife ni. Yaya Mumuni ne, ya riƙe ƙofar mota yana dariya har hawaye, carbi ya faɗi ƙasa.

Ni dai na tsaya da wuƙa a hannu ina jira in ji an ɗaga aure. Malam Buraima, wato siririn mutumin nan, ya goge tabarau ya mayar, ya dubi kwandon goro, ya dubi Yaya, ya dube ni.

"Na ce waliyyi ya zo da goro yau, ya zo. Na ba Isufu Zainabu. Sharaɗi ɗaya: ba a cikin wannan za a kai ta ɗakinta ba."

Aka ɗaura aure, rabin shaidu ba takalmi. Ni a can baya na zauna, duk wanda ya zo gaishe ni sai ya tambaya ko za a raba naman.

Da aka janye yajin na kai wa Kwami motar. Ya musanya wayoyi biyu, ya ɗaura wadda na yanka, kafin shayin da ya sa a kawo mini ya huce ya gama. Da zan tafi ne ya ce, "Baba, yaya jijiya?"

Zainabu yanzu 'ya'yanta shida, kuma duk wanda ya fara wayo, labarin farko da ake ba shi a Dapaong nawa ne. In na je, ko ruwa na ɗauka zan sha sai wani ɗan ƙaramin marar kunya ya ce, "Kaka, ka yi bisimilla da ƙarfi yadda ka yi wa mota."

Abin da na koya bai da yawa. Duk abin da in ka yanka shi jini ba ya fita, ba sana'ata ba ce, a kira mai ita. In kuwa taurin kai ya sa dole sai ka yi da kanka, to ka fara ɗaure akuya.