Turmi Ɗaya a Gidan Tabita

Ezra ya fara shakkar ko akwai mai iya sulhunta mutanen da ba su nemi sulhu ba. Shekaranjiya ya gwada. Dawowarsa ke nan daga karatu a Jos, ya tarar maƙwabtan kakarsa Tabita, Rabi mai fura da Safara'u mai kwaɗon zogale, suna gaba. Tun kafin a haife shi rumfa ɗaya suke zama a bakin iyaka, inda motocin Maraɗi ke tsayawa. Akuyar Safara'u ce ta ɓarar da ƙwaryar Rabi, magana ta yi tsami. Ya je rumfar ya zayyana wa kowacce laifinta. Rabi ta ce tunda har yara sun fara yi mata wa'azi, ran Lahadi za ta koma wurin ƙaninta a Ɗan Isa, cikin Nijar. Gobe ne Lahadin.

Yau da hantsi ya shigo gida yana gara turmi.

"Lafiya dai, angona?" in ji Tabita. "Mi kake garawa haka kamar buzuzu?"

"Turmi ne, tsohuwa, na aro a gidan Malam Tanko. Ba kin ce Rabi da Safara'u za su zo dakan geron godiyar dawowata a coci ba? Kowacce da nata, kar a fasa wa juna kai."

"Taɓarya na aike ka, ka kawo min turmi! Da amarya na aike ka nema, uwarta za ka ɗauko."

"Da ta fi ki haƙora dai."

"Sauran a wajen tauna maka ƙashi suka ƙare, butulu."

"Ni na gaji da auren nan. Sakinki zan yi."

"Sake ni mana! Direbobin Maraɗi layi suke. Wani har mota ya ce zai ba ni."

"Ta asibiti?"

Ta yi dariya har da tari. Ya miƙa mata ruwa, ya durƙusa kusa da ita.

"Kaka, in sun zo ki gaya wa Safara'u gaskiya. Ita ce ba ta ɗaure akuyarta ba."

"Kana wurin?"

"An ba ni labari."

"Ni ma an ba ni, har iri biyu. Masu sulhu Ubangiji ya sa wa albarka, ban ji an ce masu yanke hukunci ba. Kai ka ɗauko gaskiyarka a ka kamar talla, ka sauke musu a gaban fasinjoji. Wa zai ce na yi laifi duniya na kallo?"

Ya sunkuyar da kai. "To ke dabara za ki yi musu?"

"Ban ɓoye musu komai ba. Na gaya wa kowacce 'yar'uwarta za ta zo. Na ce kafaɗata ta ƙi, jikana ya dawo, su rufa min asiri."

"In abin bai yi ba fa?"

"Sai in ci gaba da addu'a. Rabi ce ta riƙe ni ranar da kakanka ya rasu. Ba na so ta tahi." Ta share ido da gefen zane. "Mai da turmin mutane, ka karɓo taɓarya."

Da ya dawo, ya tarar sun iso. Kowacce ta gai da Tabita, ba wadda ta dubi wata. Amma in taɓarya biyu na sauka a turmi ɗaya, dole ki kalli hannun abokiyar dakanki. Da farko taɓaren suka yi karo, gero ya watse.

"Sassauta mana, Rabi," in ji Safara'u.

"Ke ce mai gaggawa, kamar akuyarki."

Ezra ya buɗe baki, Tabita ta taka masa ƙafa. Can sai kafaɗun Safara'u suka fara rawa, dariya ta ƙwace mata. Lugude ya daidaita, wannan ta sauke, waccan ta ɗaga.

"Gobe ki zo da igiya," in ji Rabi, ba ta ɗago ba. "Ni zan ɗaure ta a jikin rumfa da hannuna."

Ezra ya matso ya raɗa wa kakarsa, "Na sallama, na mai da ke ɗakinki. Amma tsakani da Allah, wa ke da laifi?"

Ta danƙa masa curin gumba a hannu.

"Akuya. Ci, angona, na fasa direban."